Tukwanen Wake Ɗari Uku

Saura kwana huɗu ta tafi, saura kuma sa hannu ɗaya a takardar sallamarta. Ɗakin karatu sun sa nasu, asibitin makaranta sun sa, ofishin baƙin ɗalibai ma sun sa bayan sun yi mata je-ki-dawo sau uku. Gurbin da ya rage na ɗakin shuka ne, inda ta yi shekara uku da rabi tana renon wake.

A gida tuni ake ce mata Dakta. Mijinta ne ya fara da zolaya tun ranar da ya raka ta filin jirgi, sunan ya bi ta har ya kama. Yanzu da ya tabbata kuwa, ko a jikinta. Makon da ya wuce ta kare bincikenta a gaban malamai biyar, aka tafa, aka ɗauki hoto, ta koma ɗaki ta kwanta da takalmi a ƙafa. Tun daga ranar take jin gaɓoɓinta kamar wadda aka yi wa dukan tsiya, barci kuma ba ya isarta komai yawansa.

Ɗakin shukan dogo ne, bango da rufi duk gilas, can bayan makaranta inda ɗalibai ba su cika bi ba. Mai kula da shi wani tsoho ne mai ɗingishi, kowa Baba yake ce masa. Ta tarar da shi yana naɗe tiyo, ta gaishe shi, ta miƙa masa takardar. Ya karanta daga sama har ƙasa kamar bai taɓa ganin irinta ba, sannan ya mayar mata.

"Ba zan sa ba, 'yata, sai teburanki sun zama wayam."

"Baba, ai an ce wata sabuwar ɗaliba za ta gaje su."

"Ta canza shawara. Kifi za ta yi."

"Kifi?"

"Kifi. Wai wake ba ya motsi, yana sa ta hamma."

Dakta ta juya ta dubi teburan. Tukwanen roba ɗari uku da 'yan kai, jere reras, kowacce da lambarta a ɗan katako. Wasu sun yi fure, wasu sun fara ƙwaya. Ta san dokar, da hannunta ta sa mata hannu a makonta na farko: shukar gwaji ba ta fita ƙofar nan, ba a ci, ba a kyauta da ita. In babu magaji, a yanke, a ɗura a leda, a dafa a babbar tukunyar tururi har iri da saiwa su mutu. A lokacin ko karanta ta sosai ba ta yi ba, don gani take ranar ba za ta zo ba.

"Gobe da safe ki zo da tsofaffin kaya," in ji Baba. "Mu biyu, kwana biyu sun ishe mu."

Tana fita ta yi kiciɓis da Farfesa, matar da ta duba aikinta tun daga farko. Gajeriya ce mai sauri, kullum kamar an biyo ta. Ta ja Dakta gefe ta ce an samu gurbin aiki na shekara ɗaya, a kan waken nan dai, kuma ita take so ta riƙe shi. In ta yarda, babu tukunyar da za a taɓa, takardar zama kuma makaranta za ta sabunta mata.

"Ki yi tunani zuwa jibi," in ji Farfesa, ta wuce kafin ta ji amsa.

Ɗakin kwanan Dakta ya koma kamar shagon gwanjo. Akwati biyu a buɗe a ƙasa, ga ma'aunin da ta aro a wurin maƙwabciya, ga doguwar takardar sautu da ƙanwar mijinta ta turo: turaren gwaggo, agogon kawu, takalmin 'yar wance lamba kaza, man zafi na surukarta. Ta auna akwatunan ya fi sau goma. Ta cire littafi ta sa takalmi, ta cire takalmi ta mayar da littafi, nauyin dai yana nan inda yake. Daga baya ta zauna a bakin gado da rigar sanyi a cinya, ta kasa tuna ko sa ta za ta yi a akwati ko cirewa.

Da la'asar mijinta ya kira, fuskarsa ta cika gilashin wayar. Ya faɗa mata an yi wa ɗakinsu fenti, famfon kicin ya daina ɗiga, dangi sun fara rigimar wa da wa za su shiga motar tarya. A bayansa tana hango 'yarsu tana wasa da murafen kwalba a ƙasa. Shekararta ɗaya da rabi aka bar ta, yanzu ta cika biyar.

"Zo ki gaida mamanki," ya ce.

"Antin waya ce?" in ji yarinyar, ba ta ko ɗago ba.

"Kai, yarinyar nan. Mamanki ce."

"Ina wuni," ta faɗa wa murafen.

Dakta ta amsa, ta yi murmushin da ta saba yi. Maganar Farfesa ta zo mata har baki, ta haɗiye.

Washegari suka fara. Baba ya ba ta almakashi da safar hannu, shi ya riƙe leda. Ta kama kara, ta datse a gindi, ta jefa, ta kife tukunyar ƙasa ta zube a wata ledar, ta ɗora tukunyar a kan 'yan uwanta. Lamba ɗaya, lamba biyu. Wajen ta arba'in ta daina duba lambobin. Akwai waɗanda ta taɓa ɗauko wa ruwa da bokiti daga wani gini lokacin da famfo ya daskare, akwai waɗanda ta yi wa magana a ranakun da ba ta yi magana da kowa ba. Duk almakashin bai bambance ba. Abin da take ji kawai bayanta ne da ƙugunta, da zafin da gilas ke tarawa a ka.

Baba yana loda ledojin a baro, ya tura da ɗingishinsa zuwa ɗakin tukunyar tururi, ya dawo. In an buɗe ta, wari ke tasowa kamar na ganyen da ya kwana a ruwa. Zuwa azahar sun gama rabi. Rabin ɗakin ya yi haske, rabin yana nan kore shar kamar bai san me ake ciki ba.

"Tunda rabi ya rage," Dakta ta ce a ranta, "har yanzu ana iya cewa a dakata."

Da ta koma ɗaki ita ta kira mijinta. Ta faɗa masa komai, shekara ɗaya, aikin, takardar zama. Ta jira ya ce a'a. So take ya ɗaga murya, ya ce ya gaji, ya ce yarinya na bukatar uwarta, ita kuma ta samu abin da za ta kai wa Farfesa: maigida bai yarda ba. Da an sauke mata kayan ke nan.

Ya daɗe yana shafa gemu.

"To, Dakta, in kina ganin alheri ne, ki zauna. Kada ki damu da mu. Mun saba."

"Kun saba."

"Ina nufin muna iyawa. Ba na so wata rana ki ce ni na tare miki hanya."

"Na ji."

"Fushi kika yi?"

"A'a. Gajiya ce."

Ta kashe wayar ta kife ta a kan filo. Ta san da kyakkyawar zuciya ya faɗa, ta san mutumin da ya koyi kitso saboda 'yarsa ba zai faɗa don ya ɓata mata ba. Amma kalmar ta ƙi barin ta. Sun saba. An yi gida babu ita, gidan kuma bai rushe ba. Nan ma ga shi ana share gurbinta tebur bayan tebur, kuma da hannunta.

Da safe ta riga Baba zuwa. Ya tarar da ita zaune a kan bokitin da ta kife, almakashi a hannu, ba ta yanki komai ba. Ya ajiye jakarsa, ya zuba shayi a murfin fulas ya miƙa mata, shi ya sha a bakin fulas ɗin.

"Baba, 'yata ba ta san ni ba," ta ce. "Antin waya take ce mini."

"Shekararta nawa?"

"Biyar."

Ya gyaɗa kai. "Kafin ƙafar nan ta lalace, a jirgin ruwa na yi aiki. Shekara tara, in na zo gida in yi sati biyu in koma. Da na dawo gaba ɗaya, 'yar tawa ta kai bakwai. Wata huɗu tana ce mini 'mutumin nan'. Ta je ta ce wa uwarta, mutumin nan ya zauna a kujerata, mutumin nan yaushe zai tafi gidansu."

Dakta ta yi 'yar dariya ba ta shirya ba. "Ta daina?"

"Ta daina. Ba wani abu na yi ba. Kullum ta tashi ta gan ni, har ta gaji da jiran in tafi." Ya rufe fulas. "Yanzu sau biyu take kira a rana, ta tambaye ni ko na sha magani. Ta ishe ni."

"Farfesa ta ce in ƙara shekara."

"Na sani. Ni ta fara tambaya ko akwai wuri." Ya miƙe yana dafa tebur. "Ni dai ba ruwana. In za ki zauna, mu ba su ruwa, ƙishi suke ji. In za ki tafi, ga leda. Amma ba zan tsaya ina kallon ki a kan bokitina har azahar ba."

Ta daɗe tana kallon tiyon da ke rataye a bango. Ba wani haske ne ya zo mata ba. Ta dai auna wata shekarar ta ɗakin nan, da wata shekarar ta fuska a gilashin waya, ta ji ba ta da ƙarfinta. Komawar ma tsoro take ba ta, amma ita aƙalla in ta yi ta, ta yi ta ke nan. Ta tashi ta sa safar hannu.

Suka gama kafin la'asar. Suka wanke tukwanen ɗaya bayan ɗaya a babban baho, suka kife su su sha iska, ta goge teburan da tsumma. Baba ya share hannunsa a wando, ya karɓi takardar, ya ɗora a gwiwa ya sa hannu a hankali, harafi bayan harafi.

"Wanne ne ya fi jure ƙishi a cikinsu?" ya tambaya yana miƙa mata.

"Layin da ke jikin taga."

"Na yi zaton haka. Kin rubuta?"

"Shafi ɗari biyu, Baba."

"To ai shi ke nan."

Farfesa ba ta ja maganar ba. Ta ce ta yi tsammani, ta rungume ta a tsaye a bakin ofis, ta ce ta riƙa rubuto mata, wayarta ta yi ƙara ta shige ciki.

Ranar tafiya Dakta ta bar wa maƙwabciya rigar sanyi da tukunyar girki da littattafai shida, akwatunan suka yarda. Ta share ɗakin, ta miƙa makulli ga matar da ke kula da ginin, wadda ta leƙa ta duba bango da katifa ta ce babu laifi. Ta ja kayanta zuwa tashar bas. Titin da ta bi sau dubbai ya wuce ta taga: shagon burodi, kantin magani, gadar da take tsayawa a kai in kanta ya ɗau zafi. Ta yi niyyar ta kalle su da kyau, idonta ya ƙi tsayawa.

A zauren jiran jirgi ta kira gida ta ce ta iso filin jirgi. Mijin yana cikin tambayarta ƙarfe nawa za su sauka, sai wayar ta karkata, goshin yarinyar da idonta ɗaya suka bayyana.

"Babana ya ce gobe za ki zo gidanmu."

"Haka ne."

"A ina za ki kwana? Ni ce nake kwana a wajen bango."

"To ni sai in kwana a bakin gado."

Yarinyar ta yi nazari. "Za ki faɗo."

"Sai ki riƙe ni."

"Ni barci nake yi," in ji ta, ta mayar wa ubanta wayar ta tafi.

Dakta ta sa wayar a jaka. Saura awa biyu a kira su. Kusa da ita wata dattijuwa ce zaune tana saƙa, tikitinta a cinya, jirginsu ɗaya. Dakta ta gaishe ta ta ce, "Mama, don Allah in an kira mu ki taɓa ni."

"Kwanta abinki," in ji matar, ba ta daina saƙar ba.

Ta cire takalmi, ta tura su ƙarƙashin kujera, ta ɗora kai a kan jakarta.