Ƙeyar Bitrus

Sau uku dattawan cocinmu suna mayar wa Eulalio masassaƙi da gunkin manzo Bitrus. Sun ce ya sassaƙa shi a lokacin da ya gama musun sanin Yesu, nadama tana cinsa. Shi kuwa sai ya kawo musu tsoho mai kwaɓaɓɓiyar fuska. Wani dattijo ya ce wannan ai ciwon haƙori ne.

Da madubi Eulalio yake aiki, yadda ubansa ya koya masa: ya haɗa fuskar da yake so, ya kalla, ya sara. To, wa yake nuna wa madubi ainihin fuskarsa?

Duk ƙauyen mun san abin da ke damunsa, munafunci ne ya rufe mana baki. Shekara goma sha ɗaya ke nan da sojoji suka tsare ƙanensa Crescencio a kasuwa, suka tambayi Eulalio ko ya san shi. Ya ce bai taɓa ganinsa ba. Har yau ko takalmin Crescencio ba a gani ba. Matar Crescencio, Domitila, ba ta sake ce wa Eulalio uffan ba, shi kuma ba abin da yake nema a duniya kamar ta yafe masa.

Ana saura kwana tara Ista sai ga ta a rumfarsa. Ta zagaya gunkin, ta tsaya a bayansa.

"Yaya, ka bar wahalar da fuskar nan," in ji ta. "Ranar a bayanka nake tsaye, ƙeyarka na gani. Wuyanka ya shige cikin kafaɗu, hannun dama ya damƙe na hagu."

Ya kife madubin, ya ɗauko sabon itace. Bitrus ɗin da ya fito ya sunkuyar da kai har ba a ganin idonsa sai an durƙusa.

Ranar Juma'ar Ista da aka ɗauko shi a kafaɗa ana zagaya gari, ni kaina kunya ta kama ni, don ina kasuwar ranar da aka tsare Crescencio. Eulalio ya matsa kusa da Domitila, hularsa a hannu, ya tambaye ta ko ya yi.

"Ya yi. Kai ne sak."

Ya tsaya yana jiran sauran.

"Sai dai shi Bitrus, wanda ya yi musun saninsa ya dawo bayan kwana uku," ta ce. Ta gyara mayafinta ta bi jama'a.