Allunan da Zira Ya Yanke wa Wutsiya

Duk wanda ya halarci taron zumuntar mata a Mubi zamanin Jihar Gongola ya san muryar Mama Margret. Ita ce mai kira. Matan kowane coci sukan shigo fili a jere, ta gabansu ɗauke da allo mai sunan garinsu, Mama kuma tana gaban lasifika ta karanto sunan, sai a buga tulu a rangaɗa guɗa. Sai da ta yaye 'ya'yanta kaf sannan ta koyi karatu a ajin manya, don haka wannan aiki ba na wasa ba ne a wurinta.

Ana nan sai yanar ido ta fara rufe mata gani. A wani taro ta hango allo ta kira Sorau, alhali matan Kwaja ne. Su kuwa suka ja suka tsaya a bakin fili, suka ce ba inda za su sai an kira su da sunansu. Ina wurin, kuma har yau ina jin haushin waɗanda suka yi dariya.

Da taro na gaba ya matso, Dibora shugabar kwamiti ta zo har gida, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Mama, kin yi ƙoƙari," in ji ta. "Amma ido ya gaji. Bari yara su kira, ke ki zauna benci na gaba."

"Ki ba ni taro ɗaya, 'yata. In na sake ɓatawa, da hannuna zan ba ki lasifika."

Zira, ɗan Mama, shi ke rubuta allunan. Mai fenti ne a bakin tasha, kuma Allah ya ba shi hannu, ya haɗa masa da ji da kai. Harafinsa sai ya yi wutsiya, ya yi inuwa, ya sha launi iri-iri, irin wanda direbobi ke so a goshin mota. Da ya ji abin da Dibora ta ce, sai ya yi abin da kowane mai fenti a tashar zai yi: ya sake rubuta sunan garin VIMTIM da girma, ya ƙara inuwa, ya kewaye shi da furanni. Ya jingina allon a bango, ya kai uwar ƙarshen tsakar gida.

"Mama, karanta."

Ta daɗe tana kallo. "Na ga kamar kaji suna faɗa."

"Haba Mama! Daga Yola direbobi suke zuwa neman wannan hannu."

"To ka kai wa direbobi."

Zira ya yi fushi, ya ƙi cin tuwo. Da safe fushin ya sauka, ya tambaye ta abin da ya kamata ya tambaya tun farko, wato me take iya gani daga inda take zaune. Ta ce tana ganin bakin randa, tana ganin turken rumfa.

Da waɗannan biyun ya gina haruffansa, da'ira da miƙaƙƙen layi. Ya ɗauko murfin tukunya ya zagaye shi ya fitar da O. Ya raba da'irar ya samu cikin R da gindin U. Kowane layi ya ba shi kauri ɗaya, faɗin tafin hannu, babu siriri babu mai ƙiba. Ya buɗe tsakanin haruffa don kada su manne a idonta. Baƙin fenti a kan farin allo, shi ke nan. Yanke wutsiyoyin nan ya yi masa ciwo sosai, don su ne abin alfaharinsa. Abokan sana'arsa kuwa suka samu abin tsokana, suna tambaya ko ya koma buga bulo ne. Bai kula su ba. Kullum da yamma sai ya ɗauko allo, ya ja da baya, uwar ta karanta, ya ƙara ja da baya. Inda ta yi shiru, ya koma ya gyara.

Ranar taro fili ya cika maƙil. Dibora ta tsaya kusa da Mama, a shirye ta karɓa. Jerin farko bai ma ƙaraso ƙofa ba muryar ta fashe.

"Kwaja!"

Matan Kwaja suka shigo da rawa, har da masu ɗago mata hannu.

"Vimtim! Sorau! Michika!"

Tana kiransu tun suna can bakin titi, masu buga tulu na ta gaggawar cim mata. Dibora ta ja baya a hankali ta samu benci ta zauna. Zira yana jikin katanga, fenti a farce, ya kasa rufe baki.

An ɗauka jeri ya ƙare, sai ga matan cocin su Mama sun taho a ƙarshe da wani allo da suka sa Zira ya rubuta ba da saninta ba. Mama ta hango shi, ta cika ƙirji da iska kamar yadda ta saba, ta kira da dukan ƙarfinta.

"Margret!"

Sai da sunan ya fita ta lasifika ya game fili sannan ta ji abin da ta faɗa. Mata suka miƙe gaba ɗaya, guɗa ta ɗauka ko'ina. Ta dafe bakinta, hawaye na zuba, ta sake duban allon. Yana nan a sama, kuma tana ganinsa sarai.