Mai Gyaran Agogo, Mutum Ɗaya

Tana danna maɓalli jadawalai suka fara zubowa a fuskar kwamfuta kamar an buɗe famfo. Tambayoyi ɗari da sittin aka yi wa masu ciwon ƙoda ɗari bakwai da ke zuwa wankin jini a asibiti. Da can sai ta share mako biyu tana bin tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Yau layi goma sha biyu na umarni kawai ta rubuta, kwamfutar ta bi kowace tambaya da kanta, ta ƙirga masu kowace amsa, ta gwada ko amsar tana da alaƙa da rayuwar majiyyaci ko mutuwarsa.

Likitan da ke jagorantar binciken ya leƙo da kofin shayi a hannu. "Har kin gama? Ke kam so kike a sallame mu duka!"

"Saura ɗan gyara, Likita."

Gyaran jan rubutu ne da ya fito a ƙarƙashin jadawalin sana'o'i: gwajin ba ya aminta da rukunin da bai kai mutum biyar ba. Ta bi da yatsa. Direbobi sittin da biyu, teloli arba'in, malaman makaranta talatin. Mai gyaran agogo, ɗaya.

Yatsan ya tsaya. Wata takwas ke nan da rasuwar babanta, mai gyaran agogo, kuma a asibitin da aka yi binciken ya yi jinya.

An cire sunaye, lamba ce kawai, kuma ta san doka ta hana a nemo mutum. Duk da haka ta buɗe layinsa. Shekara sittin da bakwai, 'ya'ya huɗu. Wa ke rako ka asibiti? Ba kowa. Sau nawa ka fasa zuwa? Tara. Dalili? Jiri, ba na iya shiga mota ni kaɗai.

Kullum ta kira babanta abin da yake cewa ɗaya ne: "Yayanki na kai ni, Auta. Ki riƙe aikinki."

Ta fita matakalar bene ta kira mahaifiyarta.

"Mama, wa ke kai Baba asibiti?"

Tana jin ƙarar fanka daga can gida. "Me ya tono wannan kuma?"

"Don Allah ki gaya min."

"Yayanki ya kai shi sau biyu, sai aka mayar da shi wani gari. Ni kuma ga ƙafar nan. Na ce bari in kira ki, ya rantse in na kira ba zai ƙara cin abincina ba. Wai kin sha wuya kafin ki samu aikin nan, ba shi zai zame miki kaya ba. Kin san halinsa. Kwana ne ya ƙare, Auta."

Ta daɗe zaune a kan matakalar, masu wucewa suna ratse ta. Daga ofishinta zuwa asibitin tafiyar minti ashirin ce.

Da ta koma ta tarar da Likita a kan kujerarta yana duba jan rubutun.

"Wannan mai sauƙi ne," ya ce. "Zuba shi cikin 'sauran sana'o'i'. Mutum ɗaya ba ya gaya mana komai."

Ta sunkuya ta ƙara layi ɗaya, ta sake dannawa. Jadawalan suka zubo, babu ja ko ɗigo. Likita yana bin su da ido zuwa ƙasa yana gyaɗa kai, sai ya buga tebur.

"Kai, duba nan! Waɗanda ba su da mai rakiya sun ninka sauran mutuwa har sau biyu. Wannan shi ne kanun rahotonmu! Kin tabbata lissafin daidai ne?"

Ta dubi adadin waɗanda suka amsa 'ba kowa': mutum tamanin da ɗaya.

"Daidai ne, Likita," ta ce. "Na duba da kaina."