Motar da Ba Ta Wuce Arba'in

Shekara ashirin da biyar Maman Lawali yana da mota mai gudu kamar harsashi, amma bai taɓa wuce gudun kilomita arba'in da ita ba. Dodge ce ja, ƙirar 1970, mai ƙofa biyu da dogon hanci. Kafilinsa na farko, wato maigidan da ya tsaya masa a Saudiyya, wani attajiri a unguwar Ruwais ta Jidda, shi ya saye ta sabuwa dal, ya tuƙa ta sau ɗaya, ta kusa jefa shi cikin teku, sai ya rufe ta a gareji. Da ya rasu, iyalinsa suka ba Maman Lawali ita don ya daɗe yana yi musu direba. Ranar da ya karɓe ta ya sa kafinta ya yanko masa guntun katako, ya ɗaure a ƙarƙashin totur, don ko ƙafarsa ta yi gigi motar ba za ta biye mata ba.

Duk Juma'a yakan yaye mata tamfol a lungunsu na Sharafiyya, ya goge ta, ya kai iyali shan iska bakin ruwa, masu keke suna wuce su suna ɗaga musu hannu.

Hankalinsa ya tashi ne a shekarar da ɗansa Alkasim ya cika ashirin ya sami lasin tuƙi. Abokan Alkasim irin samarin nan ne masu juya mota a bayan unguwar masana'antu har taya ta yi hayaƙi. Sau biyu uban yana kama shi zaune a cikin Dodge, ya riƙe sitiyari, yana yin ƙarar inji da baki.

"Sayar da ita zan yi," ya ce wa matarsa Rakia. "Gara in yi tafiyar ƙasa da in je asibiti neman ɗana."

"Malam, wa zai sayi wannan tsohuwa? Ta girmi aurenmu."

Ashe akwai mai so. Bayan la'asar wata Talata sai ga Abdulghaffar, haifaffen Jidda, jikan mahajjata, mai tara tsofaffin motoci. Hausarsa rabi Larabci ce, duk dattijo Ammi yake ce masa, wato baffa. Ya zagaya motar sau uku, ya shafa fenti, ya shinshina kujeru, ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa ya leƙa ƙarƙashinta.

"Masha Allah! Ya Ammi, ba ka taɓa yi mata fenti ba?"

"Ban samu hali ba," in ji Maman Lawali cikin kunya.

"Alhamdu lillahi da ba ka samu ba! Kujeru na asali, rediyo na asali, ko ƙusa ɗaya ba a canza ba. Wallahi ko a Amurka sai an tona." Ya leƙa wajen ƙafar direba, ya ɗago. "Wannan fa? Esh haza?"

"Wannan katakon nawa ne. Kada ka cire. Kana da 'ya'ya maza?"

"Uku."

Maman Lawali ya fara jawo tamfol. "To ba ciniki. Ba zan raba ɗana da masifa in kai ta gidan wani ba."

Abdulghaffar ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ya Ammi, wa ya ce tuƙa ta za a yi? Irin wannan ba a tuƙa ta! Duk kilomita ɗaya da ta ƙara, darajarta ta ragu. A ɗaki ake ajiye ta, a kunna mata sanyi. Ɗana ya taɓa ta, in karya hannunsa."

Maman Lawali ya saki tamfol ya ruga cikin gida, ya jawo Alkasim da hannun riga. "Maimaita masa! Da Larabci, yadda zai shiga kansa sosai!"

Abdulghaffar ya maimaita, ya ƙara da nuna hotuna a wayarsa, ya raɗa wa saurayin abin da ake sayen irinta. Alkasim ya daɗe bai rufe baki ba.

"Baba, khalas, kada ka sayar. Wallahi ba zan taɓa tayar da ita ba. Ni zan kula da ita."

"Ka rantse?"

"Na rantse."

Maman Lawali ya ba Abdulghaffar haƙuri, ya raka shi har bakin titi yana sa masa albarka. Kwana biyu yana cin abinci har da neman ƙari.

Da Juma'a ta zo, ya ɗauki makulli ya fito, sai ya tarar da Alkasim tsaye a gaban mota ya harɗe hannu.

"Ina zuwa, Baba?"

"Bakin ruwa mana."

"La, la. Iskar teku gishiri ce, tana cin fenti. Kuma kilomita goma sha biyu ne, zuwa da dawowa. Ku hau tasi."

Uban ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tuna ai abin da ya roƙa ke nan. Suka hau tasi, Rakia tana dariya har bakin ruwa.

Da suka dawo, tun daga bakin lungu suka ji wata ƙara kamar ana yaga kwano. Alkasim ne a kan wani baƙin babur, ba hular kwano, tayar gaba a sama.

"Na abokina ne, ya bar mini!" ya yi ihu. "Tunda mota ba ta tuƙuwa, da wannan zan riƙa zuwa aiki. Yana yin ɗari da tamanin!"

Ya murɗa, ya yi gaba. Maman Lawali ya yar da takalmansa ya bi shi a guje, yana kaɗa makulli a sama, maƙwabta suna leƙowa ta taga.

"Alkasim! Tsaya, don girman Allah! Zo ka ɗauki motar! Tana da ƙofa, tana da rufi! Ɗan nan, na ce na ba ka!"