Jirgin Phuket Ya Tsaya a Penang

Shekara talatin da ɗaya Pak Derus ya yi yana ɗaure igiya a jirgin fito tsakanin tsibirin Penang da Butterworth. Minti ashirin a je, minti ashirin a dawo, kullum gaɓa a gabansa gaɓa a bayansa. Bai taɓa zuwa inda ido zai nemi ƙasa ya rasa ba. Shi ya sa ranar da 'yarsu Suraya, wadda ke aikin jinya a Klang, ta bugo ta ce ta yankar musu tikitin babban jirgin shaƙatawa, kwana uku a teku, a je Phuket ta ƙasar Thailand a dawo, sai ya ajiye wayar ya fita gindin mangwaron ƙofar gida ya zauna har aka kira la'asar.

Matarsa, Mak Zaharah, ita ta ɗauki hidimar a ka. Ita ta ja shi suka bi layin fasfo, ita ta yi faɗa da mai hoto don ya fito da ita kamar wadda aka yi wa rasuwa. Kafin mako ya zagayo duk lungu ya ji labari, kowa ya kawo saƙonsa. Kak Yam, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, yadin siliki take so, sauran kuwa soyayyen ƙwallon yazawa. Suraya ta haɗa musu har da takardar inshora, ta ce ko da wani abu zai faru a hanya.

Jirgin hawa goma sha ɗaya ne. Da yamma ya tashi daga Klang, washegari Pak Derus ya farka ya tarar babu ƙasa ko ta ina. Ya hau can sama ya kama ƙarfen baranda da hannu biyu. Ruwan da ya sani mai launin shayi ne, da robobi da ɓawon kwakwa suna yawo a kai. Wannan kuwa shuɗi ne kamar an rine shi a marina, yana ɗagawa yana sauka a hankali irin ƙirjin mai barci. Wasu ƙananan kifaye suka yi tsalle suka tashi kamar tsuntsaye suka sake nutsewa. Ya waiga don ya nuna wa wani, bai ga wanda ya sani ba, sai ya riƙe abinsa a rai. Ya samu doguwar kujera ya kishingiɗa, iska na kaɗa masa zani, har ya kasa bambance inda kallo ya ƙare da inda gyangyaɗi ya fara.

Suna cin abincin rana lasifika ta yi ƙara. Kyaftin ya yi dogon bayani da Turanci, wata mace ta maimaita da Malayanci. Iska ta taso a gaɓar Phuket, igiyar ruwa ta fi ƙarfin ƙananan kwale-kwalen da ke sauke fasinja. Saboda lafiyar kowa an sauya hanya, gobe da safe jirgi zai tsaya a Penang. Wasu 'yan Singapore da ke teburin kusa har da tafi, suna lissafa abincin da za su ci.

Mak Zaharah ta ajiye cokali.

"Abang," ta kira mijin yadda ta saba, "ina ta ce?"

"Gida ta ce."

"Wane gidan?"

"Namu. Kin ga ma mun huta da kuɗin motar komawa."

Ba ta yi dariya ba. Ta goge baki, ta ɗauki jakarta, ya bi ta a baya har hawa na biyar inda ake karɓar koke. Layi ya kai bakin matakala. Da aka zo kansu, wata budurwa 'yar jihar Sabah mai suna Jeslina ta tarbe su da murmushin da ya riga ya gaji.

"'Yata," in ji Mak Zaharah, "awa biyar na yi a bas daga Penang don in hau jirgin nan. Na yi fasfo, na bar kajina a hannun mutane. Yanzu ku ce za ku kai ni Penang?"

"Ki yi haƙuri, Inna. Yana cikin takardar da aka sa wa hannu, kyaftin na da ikon sauya zango idan yanayi ya ɓaci."

"Ni ban sa wa komai hannu ba."

"Wadda ta sayi tikitin ta danna amincewa."

Jeslina ta juyo mata da allon kwamfuta, rubutu ƙanana kamar tururuwa. Ta ce ba a mayar da kuɗin tikiti, amma an zuba wa kowane fasinja ringgit ɗari da hamsin a katin ɗakinsa, sai dai a cikin jirgi kaɗai ake kashe su.

"Wato ku ba ni da dama ku karɓe da hagu."

"Haka tsarin yake, Inna."

Da jirgin ya matso kusa da gaɓa waya ta kama, Mak Zaharah ta kira Suraya. Suraya ta kira masu inshora, ta sake kiran uwar muryarta a sanyaye. Sun ce suna biya idan mutum ya yi rashin lafiya, ko kayansa sun ɓata, ko an soke tafiyar ɗungurungum. Jirgin da ya tashi kuma ya isa wani gari, a wurinsu tafiya ta yiwu.

"Ki gaya musu garin da ya isa a nan na haife ki," in ji Mak Zaharah, ta kashe wayar.

Pak Derus na gefe yana saurare. Shi ma abin ya taɓa shi, don ya so a ce ko sau ɗaya ya taka ƙasar da ba a jin yarensa. Amma ransa ya ƙi ɓaci yadda ya kamata, har ya ɗan ji kunyar hakan.

Bayan sallar asuba ya sake hawa sama. Hazo ya kwanta a kan ruwa kamar audugar da aka baza, jirgin na ratsa shi ba ƙara. Can sai kan dutsen Penang ya ɓullo shi kaɗai, a rataye, kamar ba abin da ke riƙe da shi daga ƙasa. Sannan hasumiyar masallaci, sannan jajayen rufin tsohon gari, ɗaya bayan ɗaya, fitilun titi ba a kashe ba tukuna. Ya daɗe yana kallo kafin ya yarda garinsu ne. Ya leƙa ƙasa ya ga jirgin fito na farko ya taso daga Butterworth, ɗan mitsitsi kamar takalmin da ruwa ya ɗauko. Ya miƙa hannu ya auna mashigin daga gaɓa zuwa gaɓa, tafin hannunsa ya rufe shi duka. A ɗan wannan wurin gashinsa ya yi fari. Ya zaci zai ji baƙin ciki, sai ya ji jikinsa sakayau kamar an sauke masa buhu. A cikin hazon ma ya ga kamar tsohon jirginsu mai launin ɗorawa, wanda aka daɗe da jinginewa, yana wucewa da fitilunsa a kunne. Ya lumshe ido ya buɗe, hazo ne kawai.

Ya koma ɗaki ya tarar da Mak Zaharah zaune bakin gado da ɗankwali a hannu.

"Ba inda za ni," ta ce tun bai yi magana ba. "In sauka in ga me? Kasuwar da nake sayen kifi?"

"Zaharah, shekara nawa da aurenmu?"

"Talatin da takwas. Ka manta ne?"

"Kin taɓa hawa keken baƙi mai lema?"

"Na yi maka kama da Baturiya?"

"Yau dai ga takarda a ƙirjinki ta ce ke baƙuwa ce."

Ta dubi 'yar takardar da aka ba su su manna a riga, mai lambar jirgi. Ta yi tsaki, ta ɗaura ɗankwalin.

A bakin tashar jirgi masu keke sun yi jere, kowane keke an yi masa ado da furannin roba. Wani tsoho Ba'indiye, Batamile, mai farin gashin baki ya taho yana faɗin farashi da Turanci, sai da ya zo daf da su ya yi turus. Maniam ne, wanda suka shekara ashirin suna shan shayi a rumfa ɗaya da Pak Derus.

"Derus? Ba an ce kana Thailand ba?"

"Ai ga ni a cikinta. Ƙasar ta yi kama da tamu ƙwarai, har tsofaffin masu keken iri ɗaya ne."

Maniam ya yi dariya har ya dafa sirdi. "Mak Zaharah, wannan mijin naki ko jirgin sama aka sa shi, a mashigin nan zai sauka. To ku hau, amma kuɗin baƙi za ku biya, na ga takarda a ƙirjinku."

"Ka fara biyan shayin da ka sha a kansa tukuna," in ji ta, tana gyara zama.

Keken ya tafi da su a hankali, lema na kaɗawa a kansu. Titunan da Pak Derus ya saba tsallakawa da sauri don kada ya makara, yau su ne ke tahowa wurinsa. Bai taɓa lura akwai tsuntsaye na tangaran a jikin tagogin shagon mai magani ba. Hayaƙin turaren wurin ibadar Sinawa ya lulluɓe su, suka fito daga ciki suka shiga ƙamshin miyar kifi. Maniam na baya yana tuƙi yana yi musu bayanin da yake yi wa baƙi, da muryar aiki, yana nuna musu masallacin da aka ɗaura musu aure yana faɗin shekarar da aka gina shi. Wasu Japanawa suka ɗaga kyamara suka ɗauke su. Mak Zaharah ta gyara ɗankwali ta ɗan karkata kai. Kafaɗarta na jingine da tasa, ba ta janye ba.

"Bi ta lungunmu," in ji Pak Derus.

"Kada ka tsaya," ta ce da sauri. "Kak Yam na ganina za ta tambayi silikinta."

Suka shiga lungun ta ja lema ta rufe fuska. Kak Yam kuwa tana can ta ba su baya tana watsa wa kaji tsaki. Gidansu na nan a kulle, ɗan ƙaramin gidan katako shuɗi, labule a sake, inuwar ganye na wasa a kan matakala. Pak Derus ya kalle shi kamar gidan wasu mutane da zai so ya sani.

"Masu gidan nan ba sa nan," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Sun tafi Thailand," in ji ta daga ƙarƙashin lema. Ya ji kafaɗarta na rawa, dariya take yi ba sauti.

A babbar kasuwa ta sa aka tsaya. Ta sayi yazawa ƙulli shida da yadi huɗu na siliki a shagon wani Ba'indiye, ta juya ledar yazawar ta nuna wa mijin rubutun da ke baya. Daga Thailand aka kawo ta.

"Wanda ya tambaye ni inda na saya zan faɗa masa gaskiya," ta ce. "Wanda bai tambaya ba, ya ci abinsa."

Maniam ya ƙi karɓar ko sisi, sai da aka yi ta ja-in-ja ya yarda a saya masa shinkafa da kan kifi. Ƙarfe biyar jirgi ya yi ƙugi ya ja baya, ya zagaya ta arewacin tsibirin. Suka tsaya a baranda suna kallon wasu duwatsu da daji da farin yashi da ba su taɓa sanin akwai su a bayan garinsu ba, har rana ta faɗa ruwa.

Safiyar sauka aka turo takardar lissafi ta ƙarƙashin ƙofa. Hoto ɗaya suka ɗauka da kuɗin da aka zuba musu, su biyu a gaban matakalar jirgi, amma sau biyu aka rubuta shi, har ana bin su ciko. Mak Zaharah ta sa tabarau ta sauka hawa na biyar da hoton a hannu. Ta ajiye shi gaban Jeslina.

"'Yata, ƙirga min. Hoto nawa kike gani?"

Wannan karon ba a kawo zancen tsari ba. Jeslina ta duba, ta ba da haƙuri, ta goge ɗaya, ta ce saura ringgit arba'in a katin kuma nan da awa guda za su ƙone. Mak Zaharah ta wuce kanti ta karɓi cakulan na arba'in cif, ta dawo ta ajiye wa yarinyar rabi a kan teburinta.

Suraya ba ta haƙura da wuri ba. Wata biyu tana rubuta wasiƙu. Masu inshora suka tsaya a kan bakansu, kamfanin jirgin kuma ya aiko da takardar rangwamen kashi talatin idan sun sake tafiya cikin shekara. Mak Zaharah ta ce za a duba, amma sai lokacin da teku ta kwanta, kuma ita za ta karanta ƙananan rubutun da kanta ko da zai ɗauke ta mako.

Shi kuwa Pak Derus, bayan sun dawo gida ƙasa ta ƙi tsayawa da shi wuri ɗaya. Yana tafiya a lungu sai ya ji titi ya ɗaga a hankali ya sauka. A sahun magariba ya riƙa karkata yana jingina da na kusa da shi, har liman ya tare shi a bakin ƙofa ya tambaya ko jininsa ne ya hau. Ya ce lafiyarsa lau. Bai gaya wa kowa yana jin daɗin abin ba. Haka ya yi ta lilo har ranar Juma'a, da ya tashi da safe ya taka dandamalin ɗaki ya ji ya tsaya cak.