Ƙwayoyi a Ƙwarya Ɗaya

Shekarar da aka sauke tutar Turawa, Likita Bunyaminu ya kai gwajin maganin barin taba wani ƙauyen masunta kusa da Kaoje. Ya gaya musu ƙuri'a za ta raba su: rabi maganin gaske, rabi ƙwayar garin dawa zalla, ba mai sanin nasa.

Da ya dawo, ya tarar shugabansu Lauwali ya juye ƙwayoyin a ƙwarya ɗaya, kowa na ɗiba.

Likita ya leƙa ƙwaryar. "Baba, kun kashe mini aiki. Yanzu ta yaya zan gane ko maganin na ci?"

Lauwali ya zare lofen tabarsa daga bakinsa. "Ƙannena biyu na tarin jini. In zuba ido ƙuri'arka ta ba ɗaya gari?"