Benen Idalia

"Shafi ɗari uku, Wilfredo! Ni da na shekara ashirin ina haɗa mai gida da mai saye a unguwar nan, yau ni za a zaunar a benci kamar 'yar firamare."

"To ki fasa mana," in ji mijinta, yana ɓare rogo a bakin famfo. "Su kama ki kina dillanci ba lasisi, in riƙa kai miki kofi gidan yari."

"Allah ya kiyaye. Goge hannunka ka karanto min tambaya ta gaba."

Jarrabawar lasisin jibi ce, Asabar, a birnin San Juan. Tun safe Nereida ta kunna kyandir gaban hoton Budurwa Maryamu, ta shanye kofi uku, ga littafin nan duk ya sha jan biro. Wilfredo ya ɗora tabarau a karan hanci.

"Mutum ya yi gini a kan rufin gidan wani. Fili da gidan ƙasa duk sunan mai gidan ne a rajista, ba a raba komai ba. Saman na wane ne?"

"Na wanda ya zuba sumintinsa mana."

"Kin faɗi, malama. Na mai filin ne."

"Ba ni nan. Kai da ko takardar wuta ba ka iya karantawa."

Ta fizge littafin, ta bi layin da yatsa. Ta sake bi. Sai ta zauna.

A unguwarsu ta kan tudu haka ake yi tun tana yarinya. Uba ya ba ɗa rufin gida, ɗa ya ɗora bene, in ya tashi tafiya ci-rani birnin Orlando ya sayar wa wanda ya samu. Shekara goma sha biyu ke nan da ita da kanta ta samar wa aminiyarta Idalia irin wannan benen, a kan gidan tsoho Don Cheo. Idalia ce ta riƙe mata 'yarta ranar baftisma. Lokacin mijin Idalia bai daɗe da rasuwa ba, duk abin da ya bar mata ta zuba a ciki. A teburin kicin aka rubuta takarda, shaidu biyu, aka sha kofi. Ba wanda ya taka ofishin rajista. Don Cheo kuwa ya rasu watan jiya, ya bar 'ya'ya biyar.

"Mene ne? Kin yi wani iri."

"Idalia."

Ya cire tabarau. "Haba Nere, ai kowa haka yake yi."

"Kowa ne ya ce mata, sa hannu ni na tsaya miki? Ni ce. Har da cika baki." Ta rufe fuska da gefen riga. "Ya Ubangiji, da wane ido zan kalle ta a coci?"

Ba ta rufe baki ba aka buga ƙofar ƙarfe.

"Masu gida! Ina babbar dillaliyar garin Caguas?"

Idalia ce, da tukunyar shinkafa da wake a naɗe cikin tawul, tana haki saboda hawan tudu. Ta dire ta a kan murhu.

"Ci za ki yi, karatu ba ya shiga da yunwa. Wilfredo, kai ban da kai, dubi tumbinka. Ga fensir biyu, na kai wa Fada a coci ya sa musu albarka. Ya yi ta dariya, na ce ka dai sa."

Nereida ta karɓa. Ta ce na gode, amma teburin take kallo.

"Ke, kin san me? Jiya babbar 'yar Cheo, mai ɗaga hancin nan, ta zo da wani mutum yana ta awon gida. Har matakalata ya auna! Na ce malam, sauka, nan ba naku ba ne. Wai sayarwa za su yi gaba ɗaya. Na ce ku sayar da ƙasanku, ni ina da takardata."

Ta zaro leda daga jaka, ta warware a hankali. Takardar ta yi ruwan ƙasa wajen ninkin. A can ƙasa ga sa hannun Nereida, manya-manyan baƙaƙe. Wilfredo ya koma bakin famfo ya buɗe ruwa.

"Gobe da ƙarfe goma za su dawo." Idalia ta shimfiɗa takardar a kan littafin, ta dafa hannun Nereida. "Ni in na yi magana sai su ce tsohuwa ce. Ke kin karance dokar nan kaf. Ki zo ki faɗa musu da bakinki cewa nawa ne. Za ki zo, ko, 'yar uwa?"